Yadda ake jan remok da ƙaramar mota ba tare da ta ja ka rami ba

Shekaru kaɗan da suka wuce na taso daga Figil da siminti buhu 14 a cikin remok, wato ƙaramar tirela, zan kai Garwa. Yaran lodi sun jibge buhunan can baya kusa da ƙofa, don nan ya fi musu sauƙi, ni kuma ina tsaye a inuwa ina shan shayi, ban ko leƙa ba. Muna gab da Pitowa wata tankar mai ta wuce ni da gudu, iskarta ta bugi remok ɗin, sai na ji bayan motar ya fara lilo. Dama, hagu, dama, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Na taka birki, abin ya ƙaru. Allah ne ya kiyaye, muka ƙare a cikin gonar wani bawan Allah, taya ɗaya ta fashe, buhu uku suka yage. Wani tsohon direban babbar mota da ya tsaya taimakonmu ya zagaya remok ɗin sau ɗaya, ya dube ni ya ce, “Yaro, tankar ba ta yi maka laifi ba. Tun a wurin lodi ka faɗi, yanzu ne dai ka iso ƙasa.” Na ce, “Baba, gaskiya ne.”

Abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira tirela, mu nan remok muke cewa, kuma wadda nake nufi ita ce ƙarama mai taya biyu ko huɗu da ake ɗaura wa Hilux ko wata ƙaramar mota a ɗebo masara, albasa, ruwa, injin ban-ruwa ko ragunan layya. Yawancin aikin kiyaye ta ana gama shi ne motar tana tsaye, shi ya sa zan fi daɗewa a nan.

Fara da lissafin nauyi

Kafin komai ka san abin da motarka za ta iya ja. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a cikin gidan inji akwai wani ɗan allo na ƙarfe ko takarda manne, mai lambobin kilo. A motocin da suka fito daga Turai, waɗanda su ne suka cika kasuwarmu, lambobin huɗu ne a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da mutane da kayanta. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota da remok a haɗe. Sauran biyun na tayoyin gaba ne da na baya. Cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da za ka iya ja. Misali in ka ga 2,000 da 3,200, to kilo 1,200 ke nan. Amma wannan lissafin na remok mai birkin kanta ne.

Wadda ba ta da birki, irin da masu walda ke ƙera mana a unguwa, iyakarta kilo 750, kuma wannan ya haɗa da nauyin ita kanta remok ɗin. Nan ne mutane ke yaudarar kansu. In remok ɗin babu kaya ta kai kilo 250, saura 500 gare ka: siminti buhu 10, ko masara buhu 5 na kilo 100. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka duro biyu na lita 200 sun cinye kilo 400 tun ba a sa nauyin durunan ba. Wanda ya ɗora tankin lita 1,000 a kan irin wannan remok ya riga ya wuce gona da iri. Ni ranar Figil kilo 950 nake ja ban sani ba. In motar ƙarama ce irin Corolla, ma rage ƙasa da haka: kada remok marar birki ta wuce rabin nauyin motar.

Takardu ma a kan wannan lamba suka rataya. Permi B, wato lasisin tuƙin ƙaramar mota, yana ba ka damar jan remok da ba ta wuce kilo 750 ba. Abin da ya haura haka sai mai permi E. Ka kuma je wurin masu inshorarka ka tambaya ko takardarka ta rufe remok, ka sa lamba a bayanta wadda ake iya karantawa. Jandarmomin hanya sun san duk wannan fiye da kai, kuma gardama a bakin shinge da rana tsaka ba riba gare ta.

Ƙugiya da abin da ke riƙe ta

Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar. Ƙarfen ja dole ya kasance a ɗaure da kusoshi a jikin shasin mota, ba a jikin bamba ba, ba kuma a liƙe da walda a kan gwangwanin bodi ba. Na taɓa ganin wanda aka yi wa walda a bamba, remok ta tafi da bambar gaba ɗaya a kan gargada. Duba tsatsa da tsagewa a bakin walda, ka sa sufana ka gwada kowane noti.

Mahaɗi iri biyu ake gani a nan. Akwai mai ƙwallo: ƙwallon ƙarfe a jikin mota, remok kuma tana da baki mai hawa kansa ya kulle. Ƙwallon Turai faɗinsa milimita 50 ne. Na Amurka mai inci 2 ya ɗan fi shi, milimita 50.8, akwai kuma wani ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas. Da ido duk kamanninsu ɗaya, amma baki babba a kan ƙwallo ƙarami yana iya tsalle ya fita a ramin farko. Girman yana rubuce a kan ƙwallon da kuma jikin bakin. Goge ƙurar ka karanta.

Iri na biyu shi ne zobe da fil, wanda ya fi yawa a remok ƙirar gida. Ba laifi gare shi in fil ɗin na ƙarfe mai ƙwari ne, kaurinsa ya cika ramin, kuma an huda ƙasansa an sa masa ɗan makulli da zai hana shi fitowa sama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne guntun rodin gini da aka lanƙwasa kansa aka zura. Rodi yana lanƙwashewa, kuma girgizar hanya tana tura shi sama sannu a hankali har ya fice. Fil na kirki kuɗinsa bai kai na man da za ka sha daga Garwa zuwa Pitowa ba.

Lodi, inda maganar take

Ga ƙa'idar: kaya mafi nauyi ya zauna a ƙasa, a tsakiya, a kan tayoyi da ɗan gabansu. Kamar kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance gaban tayoyin remok, 40 a bayansu, dama da hagu kuma su daidaita. Dalili shi ne remok tana buƙatar ta danna ƙugiyar mota da wani nauyi. In kaya ya taru a baya, hancinta, wato gabanta da ake haɗawa da mota, yana ɗagawa, ya ɗage bayan motar, tayoyin baya su rage kama ƙasa, nauyin da ke can wutsiya kuma ya zama kamar dutse a bakin igiya: da ya fara kaɗawa ba ya son tsayawa. In kuma ka cika shi a gaba ƙwarai, bayan motar zai durƙushe, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa.

Nawa ya kamata hancin ya danna? A Turai sukan ce kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin remok da kayanta, a Amurka 10 zuwa 15. Ni ga remok mai kilo 700 nakan nemi kilo 50 zuwa 70, muddin bai wuce abin da aka rubuta a jikin ƙarfen ja ba. Auna shi ba wuya. Ari sikelin masu sayen hatsi, ko irin na hawa a ga nauyin jiki, ka ajiye a ƙasa mai tauri kuma mai daidai. Sa weji a tayoyin remok. Yanke guntun katako wanda in ka tsayar da shi a kan sikelin, hancin remok zai zauna daidai tsayin ƙugiyar mota. Sauke hancin a kan katakon a hankali, ka karanta. In ya yi kaɗan, matso da buhu ɗaya gaba ka sake dubawa. Za ka yi mamakin yadda buhu guda da ka matsar taku ɗaya ke canja lambar. In babu sikeli, gwada ɗaga hancin da hannu biyu: ya kamata ka ji kamar kana ɗaga buhun siminti. In ya taso da yatsa biyu, ko yana neman tashi da kansa, a sauke kayan a sake lodi, ko da yaran lodi za su yi gunaguni. Ƙara musu sefa ɗari biyar, ya fi maka arha.

Sai ɗauri. Kayan da ka jera daidai a gida, in bai ɗauru ba, gargada za ta gangarar da shi baya kafin ka yi kilomita 20. Bel mai maɗaurin ƙarfe ya fi igiya, roba ta tsohon tiyub kuwa ta ɗaure kaji ce, ba ta injin niƙa ba. A ɗaure kayan ta gaba da ta baya da ta gefe, a ɗame tamfol kada ya riƙa kama iska. Duro ko tanki a cika shi fal ko a bar shi wayam, domin ruwa rabin tanki yana tunkuɗa mota duk sanda ka taka birki ko ka sha kwana. Dabbobi ma haka suke, kaya ne mai motsi: a raba musu wuri da katako kada su taru a kusurwa ɗaya. Mutum kuwa ba ya hawa remok, ko yaron mota ne, ko tafiyar ta nan da kasuwa ce.

Tayoyi da boris

Remok takan yi wata da watanni a ajiye a rana, tayarta ta tsattsage alhali zanenta bai cinye ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara shida, ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 a Garwa da Marwa, ban amince mata da kaya ba. Auna iska da safe kafin tayar ta yi zafi, ka ƙara wa tayoyin bayan mota zuwa adadin cikakken lodi da ke rubuce a bakin ƙofa. Ɗaga kowace tayar remok da jak, ka juya ta, ka girgiza ta sama da ƙasa. In ka ji gurnani ko tana wasa, boris ne. A buɗe a sa giris ko a canja. Tafi da safayar remok, ka kuma tabbata sufanar tayarka tana kama notinta, don sau da yawa ba girmansu ɗaya da na mota ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan duba na jajibiri ne.

Haɗawa

Yi shi a jere iri ɗaya kullum, kada ka bar wani ya yi rabi kai ka ƙarasa. Weji a tayoyin remok tukuna. Ɗaga hancinta ya ɗara ƙwallon tsayi. Yi ribas a hankali, wani yana nuna maka daga gefe inda kake ganinsa a madubi. Kada ya tsaya tsakanin mota da remok. Ja birkin hannu, kashe mota. Sauke bakin a kan ƙwallon har ka ji ya kulle, sa makullinsa, sannan ka gwada ɗaga hancin da ƙarfi: in ya kama, bayan motar ne zai taso tare da shi.

Sarƙa biyu za ka sa, ka gitta su a ƙarƙashin hancin, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda in mahaɗin ya kuɓuce hancin zai faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. A maƙala su a jikin ƙarfen ja, da ɗan saki da zai ba ka damar shan kwana, amma kada su ja ƙasa. In remok mai birki ce, akwai siririyar waya da ke ja mata birki in ta tsinke daga mota. Ita ma a maƙala ta. Sa fulogin wuta, mai baki 7 ne ko 13. Naɗe ƙaramar tayar gaba ko ƙafar tsayuwa sama, a ƙulle. Cire weji.

Yanzu yaronka ya tsaya a baya, kai kana ciki: birki, sigina dama, sigina hagu, ƙananan fitilu. Remok marar wuta da daddare makauniya ce da ke jiran ɗan moto, wato mai babur. In fitila ta ƙi, yawanci wayar ƙasa ce ta yi tsatsa. Daga nan ja da baya ka kalli mota da remok daga gefe: su miƙe a layi ɗaya, ba hanci sama ba, ba ƙasa ba. Gyara madubai har ka ga gefen remok duka biyu.

A kan hanya

Tashi a hankali, ka gwada birki tun kana unguwa don ƙafarka ta san nauyin yau. Bayan kilomita 10 ko 15 tsaya ka sake ɗame bel, domin kaya yana zama. Ɗora bayan hannunka a tsakiyar kowace tayar remok: ɗumi ba komai, amma in ba ka iya barin hannun a wurin ba, boris yana ci, kada ka ci gaba.

Gudu shi ne abokin lilo. Ni da kaya ba na wuce 70 ko da kwalta ta yi sumul, a gargada kuwa 30 ma ta isa. In ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata tana ninkuwa sau huɗu, ga kuma remok tana turo ka ta baya. A gudun 60 kana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, don haka bar aƙalla daƙiƙa huɗu tsakaninka da na gabanka: in ya wuce wata bishiya, ka ƙirga huɗu kafin kai ka iso ta. Da ruwan Agusta ko hazon hunturu, ƙara. Hanyarmu ta shanu ce da jakai da 'yan moto, ba wanda zai yi maka sallama kafin ya shigo.

A kwana remok tana yanke hanya, tayarta tana bi ta ciki fiye da ta mota. Tun da dama muke bi, kwanar dama ce ta fi matsi: shiga gaba kaɗan kafin ka karya sitiyari, ka duba madubin dama, don a cikin Marwa ko Garwa da wuya a rasa ɗan moto da ya kutso ta nan. Wuce wata mota kuwa sai ka ga fili mai tsawo, kuma kada ka koma hannunka sai ka ga gabanta sarai a madubi bayan remok. Rami da tudun rage gudu, ka tuna tayoyin remok ba su wuce ba tukuna lokacin da naka suka wuce. A mayo, wato rafi, mai gudu da ruwa kada ka shiga. Remok tana da faɗin da ruwa zai tura, in ta tafi da kai za ta tafi.

In lilo ya fara, ga abin da ban yi ba ranar Figil. Ɗage ƙafa daga totur a hankali. Riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe, kada ka bi remok kana gyara ta, domin hannunka zai makara kullum ya ƙara mata kaɗawa. Kada ka danna birki da ƙarfi. Masu cewa a ƙara wuta ta miƙe, kada ka saurare su. Bari gudun ya sauka da kansa, lilon zai mutu, sannan ka taka birki sannu ka sauka gefe. Remok da ta yi lilo sau ɗaya ta gaya maka lodinta ba daidai ba ne ko iskar taya ta yi ƙasa. Gyara kafin ka tashi.

Gangara tana da nata hukunci, kuma duk wanda ya bi hanyar Ngaundare zuwa Garwa ya san falez, wato babbar gangarar da ke kafin Mbe, inda ake saukowa daga tudun Adamawa. Ngaundare tana sama da mita 1,000, Garwa kuwa ba ta fi 200 da wani abu ba. Tsaya a sama ka duba mahaɗi da ɗauri. Sa giyar da za ka hau tudun da ita, ta biyu ko ta uku, tun kafin gangarar ta fara, inji ya riƙe motar. Mai otomatik ya sauke zuwa 2 ko L. Birki a taka shi da ɗan ƙarfi a saki, a sake takawa a saki. Wanda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama zai ji ƙauri, daga nan birkin ya daina kamawa. Sakin mota a furi don tsimin mai, da remok a baya, ganganci ne. A hawa kuma ido a kan allurar zafi: in ta fara tashi kashe na'urar sanyi, sauke giya, in ta ƙi sauka tsaya a wuri mai fili, ka sa weji, kada ka buɗe lagireto yana tafasa. In lalura ta tsayar da kai, sa alamar kusurwa uku nesa da bayan remok. Ganyen da muke zubawa a hanya yana taimakawa da rana, amma ka kwashe shi in za ka tafi.

Ribas

Wannan sai da koyo, kuma a filin ƙwallo ake koyonsa da remok wayam, ba a bakin kasuwa mutane na kallo ba. Kama sitiyari ta ƙasa da hannu ɗaya. Inda ka kai hannun, can bayan remok za ta nufa: hannu dama, remok dama. Juyi kaɗan-kaɗan, tafiya kamar ta hawainiya. Gajeriyar remok ta fi doguwa saurin karkacewa. In ka ga ta fara naɗewa tana neman haɗuwa da gefen mota, tsaya, yi gaba ka miƙe, ka sake. Yin gaba sau biyar ba abin kunya ba ne. Mai nuna maka hanya ku yi yarjejeniya tun farko: in ka daina ganinsa a madubi, za ka tsaya cak.

In ka isa, nemi wuri mai daidai. Birkin hannu, weji gaba da bayan tayoyin remok, sannan ka sauke ƙafar tsayuwa, ka cire fulogi, ka buɗe mahaɗin ka ɗaga hancin. Sarƙa ita ce ta ƙarshe, sai ka tabbata remok ta tsaya da kanta. In za a sauke kaya, fi so a sauke tana haɗe da mota. In an riga an raba su, a fara kwashe na baya, don in aka fara da na gaba hancin zai yi tsalle sama, kuma galibi akwai ƙafar wani ko haɓarsa a kusa.